Hayar siririn jirgi a kanal ɗin Llangollen: ya ci kuɗinsa, amma ba hutun kwance ba ne

Kamfanonin da ke ba da hayar siraran jiragen ruwa a Ingila da Wales bakinsu ɗaya wajen talla: ba sai kana da lasisi ba, ba sai ka taɓa tuƙi ba, kuma za a koya maka komai kafin ka tashi. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun ne ke da gyara. Darasin da ake bayarwa ranar karɓar jirgi ba ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a cikinsa za a nuna maka inji da gas da banɗaki da igiyoyi da tuƙi, kana ji kana gyaɗa kai, rabinsa kuwa ya zube kafin ka kai gadar farko. Duk da haka hayar ta ci kuɗinta ga ayarin da ke da manya uku ko huɗu masu lafiya, waɗanda ba sa gaggawa. Ga mai neman wurin da zai miƙe ƙafa a kawo masa shayi, otel ya fi masa.

Jirgin kansa ƙarfe ne, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da 'yan kai, domin tsoffin matakan ruwan da zai ratsa, wato ɗakunan da ke hawar da jirgi ko sauke shi, faɗinsu ƙafa 7 ne kacal. Tsawonsa ya danganta da yawan mutane: na mutum biyu zuwa huɗu kan yi ƙafa 45 zuwa 55, manya kuma su kai 70. Mai ƙafa 57 nauyinsa ya kai tan 15 ko fiye, kuma wannan nauyin shi ne abin da sabon direba ya fi mantawa da shi. Ciki kamar lungun tsohon gari yake, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe. Akwai murhun gas da oba, da ƙaramin firji, da shawa, da banɗaki ɗaya ko biyu, da na'urar ɗumama ɗaki. Gadon da ake kira na mutum biyu galibi faɗinsa ƙafa 4 ne. Idan takardar talla ta ce jirgi na mutum shida ne, a sani cewa biyu daga ciki a teburin cin abinci za su kwana, wanda ake harhaɗawa ya zama gado kowane dare a kuma wargaza shi da safe. Shawara a nan ɗaya ce: a ɗauki jirgin da ya fi yawanku da mutum biyu. A zo da jakunkunan da ake naɗewa, domin akwati mai tauri ba shi da wurin zama.

Maganar kuɗi, mako guda a jirgin mutum shida yakan wuce fam 1,000 ko lokacin da ba kasuwa, a hutun makarantu na Yuli da Agusta kuma ya doshi ninkin haka. Ba farashin da ke saman shafi ne abin dubawa ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Wasu kamfanonin sun haɗa da kuɗin dizal, wasu suna karɓar ajiya su cire abin da ka ƙona ranar dawowa. Injin ba ya shan mai sosai, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, amma na'urar ɗumama ɗaki ma dizal take sha a jirage da yawa, saboda haka tafiyar watan Afrilu ko Oktoba ta fi ci. Akwai kuma kuɗin kariyar ɓarna, wanda ba a mayarwa. Shi ma a karanta abin da bai rufe ba: yawanci bai haɗa da lalata sandar tuƙi a matakin ruwa ba, ko toshe banɗaki, ko dawo da jirgi a makare. Kuma mako ɗin ba kwana bakwai cikakku ba ne. Ana ba da jirgi wajen ƙarfe biyu ko uku na rana, ana karɓa wajen tara na safe, jiragen haya kuma ba a yarda su yi tafiya da dare ba. Kwana shida ne kake da su, da guntun yammaci ɗaya.

Llangollen shi ne kanal ɗin, wato hanyar ruwa da aka haƙa, da aka fi tura sababbi, kuma ana da dalili. Ya taso daga mahaɗar Hurleston kusa da Nantwich, ya ratsa Wrenbury da Whitchurch da Ellesmere da Chirk, ya shiga Wales ya tsaya a garin Llangollen, kimanin mil 41, wato kilomita 66, da matakan ruwa 21. Hukumar Canal & River Trust ce ke kula da shi, wadda ta gaji British Waterways a 2012. Sai dai yana da wani hali da yawancin kanal ba su da shi: ruwansa yana gudu. Ana ɗebo ruwa daga kogin Dee a madatsar Horseshoe Falls a koro shi har tafkin Hurleston domin ruwan sha, kuma wannan aikin ne ya cece shi lokacin da dokar 1944 ta rufe shi ga jirage. Ga direba, ma'anar haka ita ce tafiya zuwa Llangollen gaba da ruwa ake yi. A ƙarƙashin gadoji, inda hanya ta tsuke, sai ka ji jirgi ya kusa tsayawa cak ko da inji na ruri. Dawowa ta fi sauri, amma tsayawa ta fi wuya, tunda ruwa na turo ka ta baya.

Kada a yi lissafin tafiya da nisa. Iyakar gudu mil 4 ne a awa, amma da wuya a samu haka. Ruwan ba shi da zurfi, idan ka ƙara wuta gindin jirgi ne ke nutsawa ya ja laka, gudu bai ƙaru ba, igiyar ruwa kuma tana cin gaɓa. Duk inda aka wuce jiragen da ke ɗaure dole a sauke inji zuwa ƙasa ƙwarai, in ba haka ba ruwa zai fizge turakunsu, mai jirgin kuma ya leƙo ta taga ya faɗa maka magana. Lissafin da ma'abota kanal ke yi shi ne a haɗa yawan mil da yawan matakai a raba uku, abin da ya fito shi ne awoyi. Daga Hurleston zuwa Llangollen ya haura awa 20, zuwa da dawowa ya haura 40. A kwana shida awa bakwai ke nan kowace rana ba hutu, ban da layi. Wanda yake son ya ga gari ya kuma ci abinci a zaune, ya ɗauki jirgi daga Whitchurch ko Ellesmere. Mai kwana uku ko huɗu ya ɗauka daga Chirk ko Trevor, inda manyan gadojin ruwan suke a kusa. Kafin a biya a duba shafin sanarwar hukumar, domin gyara ko fashewar gaɓa na iya rufe wani yanki na tsawon watanni.

Tuƙi daga baya ake yi, a tsaye, a fili, ko ana ruwa ko ana iska. Ka tura sanda dama, hancin jirgi ya yi hagu. Wannan hannu kan saba da shi cikin awa guda. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne gane cewa jirgin a tsakiyarsa yake juyawa: hanci ya yi hagu, gindi ya yi dama, kuma gindin ne ke bugun bango. Ba birki. Giyar baya ce birki, tana kuma buƙatar tsawon jirgi ɗaya ko biyu kafin ta tsayar da shi. A giyar baya sanda ba ta aiki kusan sam, haka ma idan farfela ba ta juyawa, shi ya sa mai firgita da ya cire giya a kwana yake tafiya kai tsaye cikin ciyawa. Idan an haɗu da wani jirgi kowa ya riƙe damarsa. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango da sunan tarewa. Fenti ake gyarawa da sauƙi.

Matakin ruwa ɗaki ne na bulo mai ƙyamare gaba da baya, ana cika shi ko a zuƙe shi jirgi ya hau ko ya sauka. A nan ne aikin yake, a nan ne kuma haɗarin yake, kuma a nan ne darasin kamfani ya fi gazawa, domin sansanonin haya da yawa ba su da mataki a kusa, sai su nuna maka da hoto ko ɗan samfurin katako.

Idan hawa za a yi, a sauke mutum biyu a wurin jira, direba ya riƙe jirgi da igiyar tsakiya. Su fara leƙawa sama. In ɗakin a cike yake kuma ga jirgi na zuwa daga can, nasa ne, a bar shi ya sauko. Zuƙe ɗaki a gaban mai shigowa ɓarnar ruwa ce ta kimanin lita 100,000, kuma rashin ladabi ne da ba a mantawa. In ba kowa, a tabbata ƙyauren sama da tagoginsa, wato ƙananan kafofin da ruwa ke bi, a rufe suke, sannan a ɗaga tagogin ƙasa da ƙarfen murɗawa. Ƙyaure ba ya buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita. Ko bambancin yatsa biyu ne, ƙato uku ba za su motsa shi ba, saboda haka a jira, sannan a jingina baya da gungumen ƙyauren a tura da ƙafa. Jirgi ya shiga, a rufe, a sauke tagogin ƙasa, a koma sama a ɗaga taga rabi tukuna. Ruwan da ke shigowa yakan fara tura jirgi baya, sannan ya fizgo shi gaba da ƙarfi ya maka shi da ƙyaure. Buɗewa a hankali ce maganinsa, kuma mai murɗawa ya riƙa kallon direba, ba wayarsa ba.

Ƙarfen murɗawa shi ya fi komai raunata mutane. Kowace taga tana da haƙora da 'yar sakata da ke hana ta komawa. A sa sakatar kafin a fara murɗawa, a kuma zare ƙarfen da zarar an gama. Idan aka bar shi a jiki sakata ta kuɓuce, zai juya da gudu ya fasa haƙori ko ya karya hannu, ko ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Wajen rufewa a ɗan ɗaga, a cire sakata, a sauke da hannu a hankali, kada a saki ta faɗi.

Saukowa ta fi sauƙi a ido amma ita ke nutsar da jirage. A ƙarƙashin ƙyauren sama akwai wani dakali na dutse da ke ɓoye cikin ruwa lokacin da ɗaki ke cike, an kuma shata farin layi a bango daidai bakinsa. Idan gindin jirgi bai wuce layin ba, ruwa zai janye, gindi ya zauna kan dakali, hanci ya ci gaba da sauka, cikin minti ɗaya ko biyu ruwa ya shigo ta gaba. Jirgi mai ƙafa 70 ba shi da rarar wuri sosai, sai direba ya matsa gaba har hanci ya kusa taɓa ƙyaure. Da zarar an ga jirgi ya karkata, a rufe dukkan tagogi nan take, sannan a mayar da ruwa kaɗan-kaɗan daga sama har ya taso. Kowa a ayarin ya san wannan tun kafin matakin farko, har da wanda ya ce shi girki kawai zai yi. Kuma ba a ɗaure jirgi da igiya lokacin saukowa, zai rataye.

A Llangollen akwai ƙarin wahala. Saboda ruwan da ke gudu, kowane mataki yana da magudanar gefe da ke amayo ruwa daidai bakin shiga ta ƙasa, tana ture hancin jirgi a lokacin da kake ƙoƙarin saita shi da ƙofar da ta fi shi faɗi da inci biyu. A nufi magudanar kaɗan, a ƙara wuta, a bar ruwan ya dawo da hanci. Mai shiga a tsorace shi ke bugun bango. A Hurleston kuma a ɗage robobin gefe kafin a shiga, matakan wurin matsattsu ne, jirgi na iya maƙalewa. Grindley Brook, kusa da Whitchurch, matakai shida ne, uku daga ciki a manne da juna, ƙyauren wannan shi ne na wancan. Mai hawa yana buƙatar na ƙasa a zuƙe, biyun sama a cike. Mai saukowa yana buƙatar na sama a cike, biyun ƙasa a zuƙe. A lokacin kasuwa akwai ma'aikaci a wurin, ana kuma wucewa uku-uku, uku su hau uku su sauka, layi kan cinye awa biyu ko fiye da tsakar rana. A kwana kusa a yi sammako. Daga nan sai kimanin mil 20 ba mataki ko ɗaya har New Marton, sai dai gadoji masu ɗagawa, waɗanda ake murɗawa da ƙarfen nan. Ta Wrenbury, wadda ke can baya kafin Grindley Brook, da lantarki take aiki, da makullin hukuma da ke cikin zoben makullan jirgi, kuma titin mota ce, sai an tare motoci. Mutane na yawan barin makullin a jikinta su yi gaba.

Abin da ake biyan kuɗin domin shi yana can gaba. Gadar ruwa ta Chirk, wadda aka gama a 1801, tana ɗauke jirgi mita 21 sama da kogin Ceiriog, a kanta ake barin Ingila a shiga Wales, ana sauka kuma sai ramin Chirk mai tsawon kimanin mita 420. Jirgi ɗaya yake ɗauka. A leƙa, in an hango fitila na zuwa a jira, in babu a kunna taka a shiga. Gaba kaɗan sai Pontcysyllte, aikin injiniyoyi Thomas Telford da William Jessop, da aka buɗe a 1805, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe mai tsawon mita 307 a kan ginshiƙan dutse, mita 38 sama da kogin Dee. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge. Ɗaya gefen ba komai sai leɓen ƙarfe da bai kai taƙi ba sama da ruwa, direban da ke tsaye a baya in ya kalli ƙasa ba ya ganin gada, sai kan itatuwa da kogi. Tuƙin ba wuya, kwamin ne ke riƙe da jirgi. Yara dai su zauna ciki, kada kowa ya hau rufi ko ya bi gefe. Babu hoton da ke ba da abin da wannan mintuna goman ke bayarwa, kuma su kaɗai sun biya rabin kuɗin hayar.

Ana sauka daga gadar akwai kwana mai tsanani zuwa hagu a ƙarƙashin wata gada a Trevor, ba a ganin mai fitowa, a danna ham. Daga nan zuwa Llangollen mil huɗu ne da ɗan ƙari, amma a ba shi awa biyu zuwa uku. Ruwa ba zurfi, kuma akwai wurare da aka sassaƙa hanyar a jikin dutse inda jirgi biyu ba sa giftawa, ba a kuma hango ƙarshensu. A tura mutum gaba da ƙafa da waya a hannu ya tare masu zuwa. Wanda ya shiga ba ɗan aike ya haɗu da wani a tsakiya, ɗayansu sai ya koma da baya, a jirgin da ba ya jin sanda a giyar baya. A Llangollen ana biyan kuɗin ɗaure jirgi, iyaka awa 48. Jirgi mai inji ba ya wuce nan, sauran mil biyun zuwa Horseshoe Falls da ƙafa ake yi ko a jirgin da doki ke ja.

Hidimar yau da kullum ba ta da yawa, amma tsallake ta ne ke kawo yawancin kiran gaggawa. Idan jirgi ya rage gudu, sanda na karkarwa, hayaƙi ya yi baƙi, leda ko igiya ce ta naɗe farfela. A tsaya, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu, sannan a buɗe akwatin da ke saman farfela a zura hannu a warware. Wajen rufewa a ɗaure murfin tam, domin murfin da bai zauna ba yana barin farfela ta watso ruwa cikin ɗakin inji har jirgi ya nutse ta baya. Kowace yamma a murɗa famfon giris na sandar farfela har ya yi tauri, shi ke hana ɗigar ruwa. Batir na son inji ya yi awa huɗu zuwa biyar a rana, ruwan zafi ma daga inji yake, saboda haka wanka da yamma ya fi na asuba. Ba a kunna inji a wurin kwana daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Inbata na ɗaukar cajin waya da kwamfuta, ba ya ɗaukar dutsen guga ko butar lantarki. Tankin ruwa lita 400 zuwa 700 ne, a cika shi kullum a famfunan hanya, wasunsu kuwa sai sun ci rabin awa.

Ga masu salla da amfani da buta akwai abubuwan da kamfani ba zai ambata ba. Banɗaki tanki yake zubawa, duk ruwan da aka zuba yana ciki, babban ayari na iya cika shi kafin mako ya ƙare, zuƙewa kuma kuɗi ce a wani sansani. Tsumman goge jiki ko ƙunzugun yara suna toshe shi nan take. Ruwan kanal ba na alwala ba ne ba kuma na wanke kwano ba, fitsarin ɓera na sa masa wata cuta mai shiga ta ƙujewa ko ido. Alƙibla a Birtaniya kudu maso gabas take, amma jirgi na juyawa da kowace kwana, ƙarfen jikinsa kuma yana ruɗa kamfas ɗin waya, sai an fita gaɓa an duba. Falo darduma ɗaya yake ɗauka. Naman halal ba a cika samunsa a ƙananan garuruwan hanyar ba, a sayo daga birni, a kuma tuna firjin ƙarami ne. Sauran cefane akwai babban kanti a ƙarshen reshen da ya shiga Ellesmere, jirgi na zuwa har kusa da ƙofarsa.

Wurin kwana kyauta ne kusan ko'ina a gefen hanyar ƙafa, ban da wurin jiran mataki, da bakin famfo, da faffaɗan wurin juya jirgi, da kwana. Inda akwai zobba a ɗaura a jiki. Inda babu a kafa turaku da guduma a karkace, igiyar gaba ta yi gaba, ta baya ta yi baya, kada ta tsallaka hanya ta harɗe mai keke. Igiyar tsakiya ta riƙewa ce, ba ta kwana ba, tana karkata jirgi duk lokacin da wani ya wuce. Daren ƙarshe a kwana inda bai fi tafiyar rabin awa zuwa sansani ba, a haɗa kaya tun da dare, a kuma ƙirga ƙarafan murɗawa da turaku da guduma, domin duk wanda ya faɗa ruwa ana cire kuɗinsa.